Allurar da ke Rawa a Allon Tsohuwar Mota

Wannan shiri na faɗakarwa ya shafi direbobi da masu motoci da kanikawa, musamman waɗanda abin hawansu ya kwana biyu. Batunsa shi ne agogunan da ke jere a gaban direba a bayan sitiyari, a allon da aka fi sani da dashbod, da abin da ya kamata a fahimta idan allurarsu ta fara rawa, ko ta riƙa tsalle, ko ta nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Matsalar ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa saboda shekarun motocin da ke kan hanya. Tun daga 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ta cika tashoshi da hanyoyin karkara, kuma har yau wasunsu na ɗaukar kaya da fasinja, sannan ga Golf da Toyota da Mercedes da aka shigo da su ta Kwatano bayan sun gama aiki a Turai. Injin irin waɗannan motoci ana sauke shi a gyara, ana sauya taya da birki da kuloci, amma wayoyin da ke bayan allo sau da yawa su ne dai waɗanda suka fito da su daga kamfani, sun sha zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina da girgizar hanya mai gargada, wani lokaci ma ɓera ya ɗanɗana su.

Kowane geji, wato agogon da ke auna mai ko zafin inji ko ƙarfin baƙin mai, ƙarshen wata sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa. A can jikin inji ko cikin tanki akwai ɗan ma'aunin da kanikawa ke kira sensa, wanda aikinsa shi ne ya sauya yawan turjiyarsa gwargwadon abin da yake aunawa. Turjiya a ilimin lantarki ita ce yadda abu ke tauye wa wuta hanya, ana auna ta da om, kamar yadda ake auna ƙarfin turawar wuta da volt, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya. Daga sensa waya ce ke tafiya zuwa bayan allo, geji kuma yana karɓar wutarsa daga batir ta cikin makulli da fiyus, sannan dole wutar ta sami hanyar komawa batir, kuma a mota ba a ja wa kowace na'ura waya ta biyu domin wannan komawa, ƙarfen bodi da na inji su ne hanyar. Allurar da direba ke kallo ba ta san zafi ba, ba ta san mai ba, iyakar abin da ta sani shi ne yawan wutar da ta ratsa ta, don haka duk gaɓar da ta yi rauni a sarƙar za ta sa ta faɗi ƙarya alhali ita lafiyarta ƙalau. Wanda ya garzaya kasuwa ya sayo sabon allo tun kafin ya bi sarƙar ya bar jaki yana dukan taiki.

Tambayar da ƙwararren mai gyaran wutar mota ke fara yi ba ta buƙatar sifana ko sukudireba: allura ɗaya ce ke rawa, ko kuwa da yawa ne a lokaci guda, kuma me ake yi a motar a daidai lokacin? Sensar mai tana baya a tanki, ta zafi tana gaba a kan inji, babu abin da ya haɗa su, saboda haka da wuya su lalace rana ɗaya. Idan allurorinsu suka tashi tare suka sauka tare, laifin yana wurin abin da suka yi tarayya a kai, wato wutar da ke shigo musu ko hanyar da take bi ta koma.

Hanyar komawar ita ce ta fi kowace gaɓa yawan laifi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita domin ba ta da wani fasali da zai ja ido. Inji yana zaune ne a kan robobi masu rage girgiza, roba kuwa ba ta wuce wuta, shi ya sa ake ɗaura wata kakkaurar waya, sau da yawa saƙaƙƙiya ta jan ƙarfe, tsakanin inji da bodi, da wata daga kan batir mai alamar ragi zuwa bodi. Ana kiransu wayoyin ƙasa. Bayan shekaru, tsatsa kan shiga ƙarƙashin notin da ya riƙe su, zaren jan ƙarfen ya yi kore ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci kuma an sauke inji ne aka mayar aka manta ba a ɗaura wayar ba, ko an yi wa mota fenti aka ɗaure ta a kan fentin.

Ɗan lissafi zai nuna yadda ƙaramar tsatsa ke zama babbar ƙarya. Dokar da masanin Jamus Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce ƙarfin wutar da ke salwanta a wuri daidai yake da yawan wutar da ke ratsa shi idan aka ninka da turjiyarsa. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowanne suna jan kusan amfiya 9, kuma yayin da inji ke aiki wannan wuta tana fitowa daga altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta bi ta fitilu ta shiga bodi, sannan ta koma inji ta wayar ƙasa. Idan tsatsa ta sa mahaɗar ta sami turjiyar kashi ɗaya bisa goma na om kacal, kusan volt ɗaya zai shiga tsakanin bodi da inji, to ga geji yana jingine da bodi, sensa tana jingine da inji, sai allurar zafi ta ɗaga da zarar an kunna fitila, ta sauka da zarar an kashe. Direban da ke cewa motarsa da dare take yin zafi, da rana kuwa lafiya lau, sau da yawa wannan yake gani, domin babu dalilin da zai sa inji ya fi zafi cikin sanyin dare. Haka nan allurar da ke motsi tare da ƙiftawar sigina, ko ta zabura idan an danna ham ko an taka birki. Idan wayar ta tsinke gaba ɗaya, wutar tayar da inji kan nemi hanya ta igiyar totur ko ta kuloci, har igiyar ta yi zafi robarta ta narke.

Gwajin ba shi da tsada. Ana ɗauko wayar da ake jona batir da batir, a maƙala kai ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan a jikin ƙarfen inji mai tsabta, sannan a maimaita zuwa bodi, idan allura ta natsu to an gano ɓarawon. Mai multimita, wato na'urar hannu da ke auna volt da om, yana iya ɗora tsinke ɗaya a inji ɗaya a bodi, inji na aiki, fitilu da fanka a kunne, kuma abin da ya haura kimanin volt 0.2 alama ce ta mahaɗa mai rauni. Maganin shi ne a kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da kyau, a shafa giris a kai domin hana tsatsa dawowa. Allon kansa ma yana da 'yar wayar ƙasa a ƙarƙashin dashbod, wadda masu saka rediyo kan sassauta ba da saninsu ba.

Wani abin tarayya shi ne na'urar daidaita wuta da ke manne a bayan allon motoci da yawa. Wutar mota ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa tana sauka gwargwadon juyin inji, alhali tsofaffin geji masu aiki da zafi, waɗanda a cikinsu wata siririyar waya ke ɗumama ɗan ƙarfe mai ɓawo biyu ya lanƙwashe ya ja allura, suna buƙatar wuta tsayayya. Motocin Ingila masu agogunan Smiths, irin su tsohuwar Land Rover, suna ba gejinsu volt 10, Ford da Chrysler na Amurka kuma kimanin volt 5, Golf ta ɗaya da ta biyu ma suna da 'yar na'urar volt 10 a bayan allo. Idan ta mutu, allurar mai da ta zafi kan kwanta tare, idan kuwa irin ta dā ce ta rasa hanyarta ta komawa, sai ta saki wutar batir gaba ɗaya, tanki ya nuna ya fi cika, inji ya nuna ya fi zafi. Akwai tarko a nan ga mai gwaji: irin ta dā tana aiki ne ta hanyar kunnawa da kashewa a kai a kai, don haka multimita mai lambobi zai riƙa nuna lamba tana tsalle ko da na'urar lafiya take, kuma an sha jefar da mai kyau saboda wannan. Ƙwan gwaji ya fi faɗin gaskiya a wurin, domin zai riƙa ƙiftawa idan tana aiki.

Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin volt 12.6 idan inji a kashe yake, idan kuma yana aiki ana sa ran ganin tsakanin 13.8 da 14.4. Abin da ya kai 15 ko ya wuce yana nufin altaneta na cika caji, kuma alamominsa ba ɓoyayyu ba ne, ƙwayayen fitila na yawan ƙonewa, ruwan batir na saurin ƙafewa, wani lokaci da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Al'adar cire kan batir inji na aiki domin a ga ko altaneta na caji ta samo asali ne tun zamanin da babu na'ura mai laushi a mota, a yau kuwa tana iya ƙona allo da kwamfutar inji a cikin ƙiftawar ido, garin neman gira a rasa ido. Ya kamata kuma a duba akwatin fiyus, musamman a tsofaffin Mercedes da Volkswagen masu dogon fiyus mai tsini a kai biyu, wanda bakinsa ke yin tsatsa har wuta ta riƙa yankewa a kan gargada, kuma sau da yawa murza shi a mazauninsa kawai kan dawo da allura hayyacinta. Makullin da ya gaji da ɗaukar tarin mabuɗai ma yana yin haka, idan aka girgiza shi allurori suka faɗi suka tashi to ya tona kansa.

Yanzu kuma an iso inda allura ɗaya ce tak ke rawa, sauran na zaune lafiya.

Allurar zafi ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin kuskure a wurinta inji yake ci. Sensar zafi turjiyarta raguwa take yi idan ruwa ya ɗumama, saboda haka wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe za ta kai allura ƙarshen ja, wayar da ta tsinke ko soket da ya saki kuwa za su kwantar da ita a sanyi. Abin da ke raba ƙarya da gaskiya shi ne saurin motsin. Inji tarin ƙarfe ne da lita-lita na ruwa, ba ya ɗaukar zafi ko ya huce cikin daƙiƙa ɗaya, don haka allurar da ta yi tsalle daga tsakiya zuwa ja ta dawo nan take maganar waya take yi. Wadda kuwa ke hawa sannu a hankali a kan tudu ko cikin cunkoso, ta sauka idan an sami sarari, gaskiya take faɗi, kuma sai a nemi dalilin a lagireto da fanka da fambel da tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a inji har ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 a yawancin tsofaffin motoci kafin ya sake shi. Tamostat mai maƙalewa yana sa allura ta hau sosai sannan ta faɗo bayan ya buɗe da ƙyar. Cire shi gaba ɗaya, kamar yadda aka saba yi da hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi, yana barin allura tana yawo a ƙasa da safe da lokacin hunturu, inji na shan mai fiye da kima, kuma bai taɓa wanke toshewar lagireto ba.

Mafi haɗari shi ne allurar da ta hau, sannan ta riƙa lilo, daga baya ta sauko da kanta ana cikin tafiya. Direba kan yi hamdala ya ƙara taka totur, alhali abin da ya faru shi ne ruwa ya ragu har ya bar sensa a sarari, ba ta cikin ruwa balle ta auna shi, inji kuwa na can yana cin wuta har gaskit ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Ƙa'ida a nan ita ce a ɗauki allurar zafi a matsayin mai gaskiya har sai an tabbatar da ƙaryarta: a tsaya, a kashe inji, a jira ya huce kafin a taɓa murfin lagireto, domin murfin yana riƙe ruwa a matse har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba, kuma buɗe shi da zafi na watsa wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. Ana tabbatar da zafin gaskiya da ma'aunin da ake haskawa daga nesa, irin na gareji, wanda ya yi kama da na auna goshi da aka saba gani lokacin korona, sai dai na goshin ba ya kaiwa zafin inji. Sensa mai waya ɗaya ta bakin zarenta take komar da wuta zuwa inji, saboda haka naɗe zaren da farin tef na masu gyaran famfo na iya yanke mata hanya. A motocin shekarun 1990 kuma sau da yawa sensar zafi biyu ce, ɗaya ta allo ɗaya ta kwamfuta, kuma an sha sauya wadda ba ita ba.

Allurar baƙin mai da jar fitilarsa hukuncinsu ɗaya da na zafi, har ma ya fi tsanani. Saukar allura kaɗan idan inji ya yi zafi yana aiki a tsaye ba abin tsoro ba ne, amma fitilar da ke ƙiftawa a kwana ko wajen taka birki tana nuna man ya yi ƙasa har famfo na zuƙar iska, kuma fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da kusan rabin "bar", wato ma'aunin matsi, lokacin da ɓarna ta riga ta kusa. Sensar da mai ke tsattsafowa ta bakin wayarta ta gama aiki. Hanyar yanke shakka ita ce a kwance ta a ɗaura gejin hannu a gurbinta a karanta ƙarfin kai tsaye. Cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin tef, wanda wasu ke yi kafin su kai mota kasuwa, shi ne gajeriyar hanyar da inji ke bi ya buga.

Gejin mai ya fi kowanne yawan ƙarya, sai dai ƙaryarsa tafiyar ƙasa da galan kawai take jawowa. A cikin tanki akwai fulot, wato 'yar kwalba mai yawo a saman mai, da hannun ƙarfe da ke goga wani tsinke a kan layin turjiya. Layin yana cinyewa ne a daidai inda tsinken ya fi zama, don haka motar da kullum ake zuba mata na kwata, allurarta kan yi lafiya a sama ta riƙa faɗuwa a wajen kwatan. Fulot da ya huje ya sha mai kan nutse ya nuna babu ko tanki na cike, tankin da dutse ya loɓa daga ƙasa kuma kan tokare hannun. Ba kowace sensa ke magana da kowane geji ba: tsofaffin motocin General Motors suna aiki da om 0 a tanki fanko zuwa 90 a cike, tsofaffin Ford da 73 zuwa 10, yawancin agogunan VDO na Turai da 10 zuwa 180, akwai kuma mai 240 zuwa 33. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda kayan motoci iri-iri ke jere, mai saye na iya ɗaukar wadda ta shiga ramin tankinsa daidai amma lissafinta daban, har allura ta riƙa tafiya a juye. Wannan bambanci ya shafi gwajin da aka saba yi na taɓa wayar sensa a jikin ƙarfe, domin a wata motar allura sama za ta yi, a wata kuma ƙasa, abin lura dai shi ne ta motsa zuwa ƙarshe, wanda ke wanke geji da waya ya bar sensa da laifi. Taɓawar ta zama ta ɗan lokaci, don geji mai aiki da zafi na iya ƙonewa, kuma a yi ta nesa da buɗaɗɗen tanki, babu sigari babu tartsatsi, domin tururin fetur ya fi ruwansa saurin kamawa.

Agogon gudu na tsohuwar mota ba ruwansa da duk wannan, igiya ce ke juyowa daga giya ta juya maganaɗisu a bayan allura, tsarin da Otto Schulze ya yi wa rajista tun 1902. Idan allurarsa na karkarwa, musamman a ƙaramin gudu, igiyar ce ta bushe ko ta lanƙwashe ko zarenta ya fara warwarewa, a zare ta a wanke a shafa mata mai kaɗan. Agogon juyin inji kuwa a motar fetur daga kwayil yake karɓar saƙo, a yawancin tsofaffin motocin dizal kuma daga altaneta, shi ya sa fambel mai santsi ke sa shi rawa.

Sai an wanke duk waɗannan gaɓoɓi ne ake kwance allon kansa. A bayansa, a motoci irin su Golf, akwai wata takardar roba mai layukan jan ƙarfe da ke tsagewa ko ta ɗago a bakin soket, da ƙananan notocin da ke riƙe kowane geji waɗanda su ne kuma mahaɗar wutarsa, kuma ɗan ƙara musu ɗauri kan kawo ƙarshen rawar da ta shekara tana damun direba. Allon da ke dawowa daidai idan an buga dashbod da tafin hannu yana nuna dalma ce ta tsage a wata mahaɗa, aikin mai gyaran rediyo ne na 'yan mintoci. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, ta nuna zafin da kwamfutar inji ke gani a lambobi. Idan lambar na zaune a wajen digiri 90 allura kuwa na kai da kawowa, laifin yana allo ko wayarsa, idan kuma lambar ma na tsalle tare da allurar, sai a koma ga sensa da soket ɗinta a ƙarƙashin bonet.